Baba, Kwarmin Dutse da 'Yan Asabar

A bazarar nan mahaifina ya cika shekara bakwai da rasuwa. Sunansa Malam Iro, amma a garinmu, wani ƙauye da ke tsakanin Daura da Mashi, ba mai kiransa da haka sai liman. Kowa Mai Zuma yake ce masa. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa. Ni karatuna bai yi nisa ba, aji huɗu na tsaya a firamare, sauran a Islamiyya na samu. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne na ga hoton dutsen bayan garinmu yana yawo a waya, mutane tsaye a kansa sun ɗaga yatsu biyu, a ƙasa an rubuta wai sun gano wani wuri da ba wanda ya sani. Baba ya yi shekara arba'in yana hawan wurin nan da ba wanda ya sani.

Mutanen nan, a garinmu 'yan Asabar muke ce musu. Sun fara zuwa shekara uku da suka wuce, tun da duwatsun yamma suka daina hawuwa saboda halin da ake ciki. Da can baƙo in ya zo ƙasar Daura, Kusugu ake kai shi ya sha ruwa ya kama hanya. Yanzu motoci ne suke jeruwa a gindin tsamiyar bakin garinmu duk Asabar da hantsi, daga Katsina, daga Kano, wasu daga cikin Daura. Manyan mutane ne, har da masu furfura, amma sai ka gan su cikin wando mai kama jiki da takalmin 'yan ƙwallo, kowa da jaka a baya kamar ɗan makaranta, da sandar ƙarfe a hannu, alhali ba makaho ba gurgu a cikinsu. Matansu na biye a baya cikin hijabi da baƙin tabarau. Akwai mai rataye da lasifika. An ce likita ne ya ce su rage tumbi. Wai agogon hannunsu yana ƙirga musu taku, in sun sauko sai su tsaya suna nuna wa juna, kowa baki har kunne kamar wanda ya yi saukar karatu. Matar da take zuwa rijiya sau shida a yini ba ta taɓa sanin takunta abin ƙirgawa ba ne.

Ban ƙi su don suna da hali ba, Allah ya ƙara musu. Abin da yake ƙona mini rai shi ne yadda suke kallon dutsen, kamar tun da aka halicce shi zaman jiransu yake yi su sami hutu. Za su wuce dattawa a gindin tsamiya su jefa musu “sannunku mutanen gari”, ba za su tsaya jin amsa ba. Sun rubuta sunayensu da jan fenti a kan falalen dutsen, wani har da muƙaminsa na ofis. Ga turare. Kafin ka gan su ka ji ƙamshinsu, irin mai nauyin nan na ranar Juma'a. Mutum zai hau dutse ya yi gumi, amma sai ya yi wanka da turare kamar mai zuwa ɗaurin aure. In iska ta kwaso ƙamshin nan ta kan katangar gidanmu, sai in ce ina ma Baba ya leƙo ya gani.

Shi Baba ko sabulu mai ƙamshi ba ya taɓawa sai ranar Juma'a, ita ma bayan ya sauko daga dutse, don zuma ba ta son turare. Yana da amya goma sha biyu, waɗanda ya saƙa da hannunsa ya shafe da kashin shanu, ya ɗora a kan gawo da marke da suke tsakanin duwatsun. An san shi da ɗiban zuma, amma ɗiba kwana kaɗan ne a shekara. Babban aikinsa, wanda 'yan garinmu da yawa ba su ma ɗauke shi aiki ba, shi ne kai ruwa.

Can kusa da ƙoli akwai wani kwarmi a jikin dutsen, faɗinsa kamar babban daro, a inuwar wani dutse da ya rufo kansa. Da damina ruwan sama ne yake cika shi. Daga ranar da tafkin gari ya ƙafe kuwa har ranar da ruwan farko zai sauka, Baba ne yake cika shi. Kullum bayan sallar asuba zai saɓa tulu a kafaɗa ya hau. In ya zuba, sai ya watsa guntayen kara a kai don zuma ta sami wurin tsayawa ta sha ba tare da ta nutse ba. Ni ce mai yanka masa karan tun ina ƙarama, ina binsa a baya da su cikin ƙwarya. Ya ce a bazara zuma ba fure ne damuwarta ba, ruwa ne, da shi take sanyaya ɗakinta. In ba ta samu a sama ba za ta sauko, kuma duk garin ruwa ɗaya ne a buɗe, rijiyar da mata da yara suke ɗiba. Da yake sunan mahaifiyarsa aka sa mini, Uwata yake kirana. Yakan ce, “Uwata, duk ranar da kika ga zuma a bakin rijiya, kada ki zagi zuma. Ki zo gida ki same ni.”

Ruwan nan ya taɓa jawo masa magana. Lokacin da aka kawo shari'a ban fi shekara shida ba, amma ina tuna wasu samari masu wa'azi da suka yi sallama da shi a ƙofar gida. Da can masu bori suna yanka kaji a gindin dutsen, sai samarin suka ɗauka Baba aljannu yake shayarwa. Bai yi fushi ba. Ya ce su zo gobe bayan asuba su bi shi, amma kada wanda ya sa turare. Har liman na lokacin, da tsufansa, ya lallaɓa ya hau da su. Suka zauna gefe shiru har rana ta ɗago, zuma ta fara sauka kan karan ɗaya bayan ɗaya har ta rufe ruwan. Liman ya ce wannan ai sadaka ce, shayar da mai rai. Ɗaya daga cikin samarin bai ji gargaɗi ba, ya shafo turarensa, ya sauko da leɓe kamar an hura shi, shi ne kuma ya karɓi tulun ya ɗauko wa Baba har gida. Sun yi kuskure, amma sun zo sun tambaya, sun kuma zauna sun gani. Har gobe ina ganin girmansu a kan wannan.

Zazzaɓin kwana uku ne ya ɗauki Baba, a tsakiyar bazara, ina da cikin fari. Inna ta riga shi, mu biyu ya bari, ni da yayana Sale. A kwana ukun nan bai yi wasiyyar gona ba, bai yi ta gida ba. Duk safiya in Yaya Sale ya shigo, abin da zai ce kawai, “An kai?” Da aka raba gado Yaya ya sami amya takwas, ni huɗu, yadda shari'a ta yanka. Shi ya ci gaba da kula da su duka, in ya ɗiba ya aiko mini da rabona. Ba zan zalunce shi ba, shekara huɗu bai yi fashin kai ruwa ba.

Sai ga 'yan Asabar. Suna neman wanda ya san hanya, aka nuna musu Yaya. Suka ba shi hular hana sallah da wata riga mai rubutu a baya, suna ce masa jagora, suna sa shi a hoto a can gefe. Shugabansu wani mai ƙaton ciki ne da suke ce wa Ciyaman, in ya dafa kafaɗar Yaya sai ka ga Yaya yana tafiya kamar an naɗa shi sarauta. Tun daga nan tulu ya fara yi masa nauyi. Ya koma kai ruwa da jarka sau biyu a mako, ya cika kwarmin taf, ya ce ai duk ɗaya ne. Na yi masa magana sau ɗaya, ya ce ni da nake cikin gida me na sani.

A bazarar bara abin ya faru. Ban je wurin ba, daga bakin Yaya na ji daga baya. Ranar sun kai su talatin, kuma sun makara, sai da azahar suka isa ƙoli, rana kamar ta fasa kai. Suka ga ruwa a kwarmi, suka ce alhamdulillahi, ga na alwala Allah ya ajiye musu. Suna da wata ɗabi'a, wai tsaftace muhalli, kowa da baƙar leda yana tsintar shara. To karan nan su suka fara tsincewa tas, suna mitar yadda mutanen ƙauye suke ɓata wuri mai kyau. Sannan maza suka yi alwala, mata suka ɗiba suka zagaya, wata ta fito da sabulu ta wanke fuska da ƙafa, abin da ya rage kumfa ne a gindin kwarmi. Kowannensu fa da gorar ruwa biyu a jaka, amma wannan mai sanyi ne, na sha ne, ba a ɓarnatar da shi. Allah ya rufa asiri sun sallame salla. Suna buɗe kulolin abinci zuma ta iso neman ruwa kamar yadda ta saba a tsakar zafi, ta tarar ba ruwa, ga mutum talatin suna tashin turare. An ce yadda suka hau cikin awa biyu, saukowar ba ta ɗauke su komai ba. Har yau yara suna tsintar sandunan ƙarfe a tsakanin duwatsu. Ba wanda ya mutu, ba wanda ya karye. Ciyaman ne ya fi shan harbi, Yaya ya shiga motarsu ya raka shi asibiti, ya yi kwana biyu a can yana masa sannu.

Kwana biyun nan ba wanda ya hau dutse. Ni ban sani ba, na ji dai an ce zuma ta kori baƙi, har na yi dariya. Allah ya yafe mini dariyar nan.

Ranar Litinin da hantsi ina daka, 'yata ta fari, wadda muke ce wa Ummi don sunan mahaifiyar maigidana ne da ita, ta ɗauki ɗan bokitinta ta bi maƙwabciyarmu Talatu zuwa rijiya. Shekararta shida lokacin. Ban daɗe ba na ji kururuwar mata. Ban san sanda na fita ba, ba hijabi ba takalmi. Bakin rijiya ya yi baƙi da zuma, guga a yashe, manya sun gudu, ita kuma ta tsaya cak ta rufe ido da hannu tana kuka. Ni da ban taɓa furta sunan yarinyar nan na yanka ba tun da na haife ta, ranar na ƙwala shi a tsakiyar gari, surukata tana tsaye tana ji. Ba wanda ya taɓa tada mini zancen. Na sure ta na lulluɓe da zanena. Harbin bai fi biyar ba, a wuya da fuska, amma kafin mu isa gida idanunta sun rufe, numfashinta yana fita da wani ƙaramin fito. Allah ya taimaka ba ranar kasuwa ba ce, maigidana yana gida. Ya ɗora mu a babur, ina rungume da ita ina jin fiton nan yana ƙara siriri har muka shiga Daura. Aka yi mata allura, ta dawo. Nas ɗin ta ja ni gefe ta ce jikin yarinyar nan ba ya ɗaukar harbin zuma, in aka sake, kada mu tsaya shafe-shafe, mu taho a guje, kuma ba kullum ake isowa ba.

Yaya ya same ni a barandar asibitin, hular nan tana kansa. Na ce, “Yaya, kana tsaye suka kwashe karan?”

Ya ce, “To me zan ce, Rabi? Ciyaman ɗin nan darakta ne fa. Ya ce shara ce.”

“Kai ba ka da baki?”

“Ruwan alwala suka nema. Ni zan hana Musulmi alwala?”

“Da ka sauko fa? Wa ka gaya wa ya kai?”

Ya cire hular yana juya ta a hannu. Ban ƙara ba, don yayana ne. Washegari shi ya cika kwarmin, zuma ta bar rijiya.

Bayan mako biyu Ciyaman ya dawo, kumburin ya saɓe, da takarda a hannu. Aka zauna a zauren mai gari. Bai tambayi yarinyar da aka harba ba, ina jin bai ma san da ita ba sai da aka gaya masa, da aka gaya masa kuwa sai ta zama hujjarsa. Ya ce za su yi wa dutsen matakala, su kafa rumfa a ƙoli, su nemo wa gari rijiyar burtsatse, garinmu zai yi suna. Sharaɗi ɗaya ne, a raba dutsen da zuma. Da farko feshi ya so a yi, liman ya ce an hana kashe ta, sai ya sauko ya ce to a kwashe amya a kai wani wuri. Yaya ya yarda nan take, wani mutumin wajen Baure ya zo ya kwashi takwas ɗinsa. Saura huɗu, kuma nawa ne.

Maigidana shi ya wakilce ni a zauren. Mai fataucin awaki ne, ba ɗan gidan zuma ba. Ya dawo gida ya zauna a bakin gado ya ce, “Rabi, an ce ke za ki faɗa. Gadonki ne, ba mai ƙwace miki. Amma ki tuna ni na tuƙa babur ɗin nan ina jin numfashin yarinyar nan a bayana.”

Na ce ya ba ni kwana uku.

Ni mace ce mai tsoro, kowa ya sani. Yaro in ya yi tari sau biyu na bar abin da nake yi. Tun daga ranar rijiya, ko ƙudan gida ne ya wuce ta kunnen Ummi sai gabana ya faɗi. Duk garin an gama yanke cewa zan ce a kwashe, wace uwa ce za ta ce a bari? Ni ma haka na so in ce. A kwana ukun nan na tsani zuma, na tsani dutsen, har na ji haushin Baba da ya bar mini wannan kaya. Amma akwai abin da na gani da idona lokacin da nake binsa da ƙwaryar kara, ya ƙi barina. Zumar da take shan ruwan kwarmi ba ta amya ba ce kaɗai. Akwai ta kogo, wadda take cikin tsagogin dutsen inda hannu ba ya kaiwa, tun kafin a kafa garin take nan, kuma ta ninka ta Baba. Ita ba mai kwashe ta. Ita ma ƙishirwa take ji.

Rana ta uku na ce wa maigidana, “Malam, in an kwashe amya, wa zai riƙa kai ruwa?”

Ya ce, “Ruwan me, tunda ba zuma?”

Na ce, “Ta kogo fa?”

Ya juyo ya dube ni. Na ce masa mutum ba ya hawan dutse da tulu kullum don Allah kaɗai, sai irin su Baba, shi ma amyarsa tana tuna masa. Ranar da aka sauke amya ta ƙarshe, ranar kowa zai ce ba ruwansa. Bazara za ta zo, ta kogo za ta sauko rijiya, ba sau ɗaya ba, kullum. In an yi burtsatsen ma, ruwa ne kwance a ƙasa dare da rana, yara ne kuma masu bugawa. Su 'yan Asabar da la'asar sun shige motocinsu sun ɗaga gilashi. Ummi ce a nan.

Ya ce, “To wa zai kai? Sale ya zare hannunsa.”

Na ce, “In ka yarje mini, ni.”

Ya kai saƙona zaure. An ce Ciyaman ya yi dariya ya ce mace ɗaya ba za ta hana gari ci gaba ba, a yi mata bayani. Mai gari ya ce gado gado ne. Ba wanda ya hau ya duba tsagogin nan don ya ga ko gaskiya na faɗa, shi kuwa mai takarda bai tambayi ko mene ne kogo ba. Daga ranar zancen matakala da burtsatse ya mutu, wanda ya nuna mini ba don mu aka yi niyyarsa ba tun farko. Amma ni aka ɗora wa. Akwai matan da har yau in na isa rijiya sai hira ta tsaya. Wata ta faɗa a gabana cewa na zaɓi ƙwari a kan 'yata. Yaya Sale bai ƙara taka gidana ba sai da Sallah, ita ma a zaure ya tsaya.

Na ƙarasa bazarar bara ina kaiwa, ga ta bana ma ta kusa fita. Sharaɗin maigidana shi ne in fita bayan asuba cikin hijabi in dawo kafin hantsi. Ranar da ba kasuwa shi yake kai mini jarkar gindin dutse a babur. Sau biyu ya gwada hawa da ita da kansa, ya dawo yana dafa gwiwa, ya ce Allah ya jiƙan Mai Zuma, ashe ba mutum ba ne ƙarfe ne. Na zagaye kwarmin da ƙayar aduwa. Su kuwa 'yan Asabar ba su daina zuwa ba, hanya kawai suka sauya, ta bayan dutsen. Don haka ranar Asabar, da izinin maigidana, sau biyu nake hawa. Na biyun jarka ce daban da buta guda biyu, in ajiye musu a kan falale nesa da kwarmi, don kada alwalarsu ta sake kai 'yata asibiti. Ba su taɓa tambayar wa yake ajiyewa ba. Na ga wani ya ɗauki hoton butocin ya rubuta a ƙasa, wai dubi karamcin mutanen karkara.

Wata Asabar ina saukowa da gammo a hannu na haɗu da wata a cikinsu, ta tsaya tana haki ta jingina da sandarta. Ta ce, “Sannu baiwar Allah. Kin burge ni fa. Kullum kike wannan motsa jikin?”

Na ce, “Kullum, Hajiya.”

“Shi ya sa ba ki da ko tumbi. Tsaya in ɗauke ki hoto, in nuna wa matan ƙungiyarmu masu ƙiwa.”

Na ce, “Ina da aure, Hajiya. Kuma ki bi ta hagu, turarenki ya yi yawa.”

Ta yi dariya ta ce wa ta bayanta mutanen nan akwai ban dariya. Ta dai bi ta hagun.

Nakan tambayi kaina abin da Baba zai yi da su da yana raye. Gaskiyar da ba na son faɗa ita ce ba zai raina su yadda na raina su ba. Da tun ranar farko ya tare su a gindin tsamiya, ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya har sai sun ji kunya sun amsa, ya gutsura musu saƙar zuma su tsotsa, sannan ya ce Alhaji wannan turaren a bar shi a mota. Darakta bai fi masa samarin wa'azi ba, duka baƙin dutse ne, ana gaya musu ne kafin su hau. Yaya ya gaji fara'arsa bai gaji bakinsa ba. Ni na gaji bakin, fara'ar ta wuce ni. In na ga jan fentin nan a kan falale, da sunan mutumin da ya hau sau uku aka riƙo hannunsa, haushi yake kama ni, ban kuwa yi niyyar danne shi ba.

Sunan Baba ba ya jikin dutsen ko'ina. Gidansa Yaya ya rushe ya yi na bulo. Amya takwas suna can wajen Baure, huɗun nawa ma biyu sun tsufa, ban iya saƙa sababbi ba. Yaran da aka haifa bayansa ba su san wani Mai Zuma ba, sun dai san rijiya wuri ne da ake zuwa a dawo, ba su san don me ba. Ina jin abin da ya rage nasa ke nan, kuma abu ne da ba ya zama da kansa, sai an hau an zuba kowace safiya. Ban kuma tabbata na yi daidai ba. Zuma ba ta yi mini alkawari ba. Ranar da zazzaɓi zai kwantar da ni, ban san wa zan tambaya ko an kai ba.

Shekara guda cur ban bar Ummi ta je rijiya ba. Tana ganin sa'o'inta suna wucewa da bokiti, ta tsaya a zaure ta yi ta kallonsu, ni kuma in ƙirƙiro mata aiki. Shekaranjiya, bayan na sauko na tabbatar kwarmi a cike yake, ta sake roƙona, na ce ta je. Na sa babanta ya fito da babur ƙofar gida ya zauna a kai, ya kuwa fito da shi. Ni kuma na tsaya a bakin zaure inda nake hango kan rijiyar, hannuna a kan ƙofa, ina ƙirga mata gugan da Talatu take ja. Ta dawo ta zubar da rabin ruwan a jikinta. Na juya ta gaba da baya, na ɗaga haɓarta, na duba wuya da bayan kunne. Ta ce, “Umma, ki bari mana, ruwan zai ƙare.” Ta juye ɗan abin da ya rage a randa, ta ɗauki bokitin ta nufi ƙofa za ta koma.

Na buɗe baki zan ce ya isa haka, sai na rufe.